Bawul ɗin da Ke Rufe Ƙofar Gidanmu

Herwagana, Gombe

Ɗana Habila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Abuja lafiya, kai da kayanka, ya tsare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka kwana da inda za ka yi aiki. Mamarka na gaishe ka. Ta ce in gaya maka yaji ne a gwangwanin madarar nan, kada ka ɗauka noti ne a ciki ka wuce da shi gareji.

Ina rubutun nan ne kana can kana zagayen sallama da abokanka, gobe da sassafe kuma za ka kama hanya. Zan saka takardar a akwatin kayan aikinka, don na san shi za ka fara buɗewa kafin jakar tufafi. Da baki na so in yi maka maganar, amma ka san halinmu ni da kai: minti biyu muna lafiya, na uku mun koma gardama, sai mamarka ta raba. A takarda ba ka da damar katse ni.

Maganar ran Lahadi ce ta hana ni sakat. Mun taso daga coci muna cin tuwo, ka miƙo min wayarka ka nuna min motar da sabon maigidanka ya ce ita ce gwajinka: 'yar Amurka mai silinda takwas, ta wani saurayi mai wasan mota. Ka ce an riga an sa mata sabon kam, roka kawai ta rage, kuma kai aka bar wa zaɓi. In mai ita ya ji daɗinta ka samu wurin zama, in bai ji ba ka tattaro ka dawo Gombe. Na tambaye ka wacce za ka ɗaura, ka ce min wan foyin sebun, wato mai ɗaya da ɗigo bakwai, da Turancinku na 'yan zamani, kamar mai faɗin sunan budurwarsa. Na ce to za ka auna tukuna ko? Sai ka yi dariya ka ce, “Baba, ni fa ɗan Mai Kunne ne. Kai yaushe ka taɓa aunawa?” Na ajiye lomar da ke hannuna. Mamarka ta dube ni sau ɗaya, ta kwashi kwanuka ta fita, kuma ba don tuwon ya ƙare ba ne.

Na san ka san aikin roka, tun kana rarrafe kake wasa da su, amma bari in faɗa yadda maigidana da ya koya min aiki ya faɗa min, don lissafin ya zauna a gabanka. Roka ƙarfe ne mai lilo a saman injin. Kam, ƙarfen nan mai ƙusumbi da ke juyawa a cikin injin, ya turo sanda, sanda ta ɗaga gindin roka, kan roka ya danna bawul ya buɗe, mai da iska su shiga ko hayaƙi ya fita. Da yake hannun da ke wajen bawul ya fi tsawo, duk abin da kam ya ɗaga sai roka ta ƙara a kai. In kam ya ɗaga milimita takwas, roka mai ɗaya da rabi za ta buɗe bawul milimita goma sha biyu. Mai ɗaya da ɗigo shida, sha biyu da ɗigo takwas. Taka mai ɗigo bakwai, sha uku da ɗigo shida. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe bai kai kaurin tsinken ashana ba. Wannan ɗan tsinken ne ya raba ni da Buba na Kumbiya-Kumbiya, mutumin nan da in mun haɗu a hanya muke gaisawa a tsaitsaye, kana tambayata me ya sa muryata take canzawa.

Amma kafin Buba akwai wani ƙaramin kuskure, wanda da na ɗauki darasinsa da ba a kai ga babban ba. Ina sabon buɗe gareji, wani mai akori-kura da ke jigilar hatsi daga Kaltungo ya zo ya ce motarsa tana kasala a hawa. A lokacin na ji a bakin wasu cewa roka mai babbar lamba tana ƙara ƙarfi, ni kuwa na haɗiye maganar ba tauna. Na nemo na ɗaura masa. Bayan sati biyu ya dawo ya ce ƙara dai ta ƙaru, shan mai ma ya ƙaru, amma a hawa tana nan yadda take. Laifina ne. Ban tambaye shi inda yake son ƙarfin ba. Shi a ƙasa yake so, lokacin da mota take jan buhuna tana nishi, ni kuma na ba shi abin da ba ya nuna kansa sai injin ya yi sama. Ga hanyoyin iskar tof-silindarsa, wato kan injin da bawul ke zaune a ciki, ƙanana, kome buɗin bawul abin da zai wuce ke nan. Bakin mazurari na faɗaɗa, na bar wuyansa yadda yake.

Saboda haka kafin ka taɓa sifana, ka zaunar da mai motar ka tambaye shi me yake yi da ita. Juyi yake yi a fili, ko tsere a miƙaƙƙiyar hanya, ko kuwa da ita yake zuwa ofis ran Litinin? Ka nemi takardar da ta zo da sabon kam ɗin, ka ga nawa yake ɗagawa, kuma da wace roka masu shi suka yi lissafinsu. Sau da yawa sabon kam ya riga ya ba da buɗin da ake nema, in ka ɗora masa babbar roka ka yi ƙari a kan ƙari. Ka binciki tof-silindar, ta asali ce ko an gyara hanyoyinta. Kuma ba dole ba ne bawul na shiga da na fita su ci roka iri ɗaya, wani injin a gefe guda kawai yake buƙatar ƙari. In saurayin ya ce shi dai babbar lamba yake so don ita abokinsa ya sa, ka yi masa murmushi ka ci gaba da tambayarka.

To, Buba. Ba ka san cewa shi ne babban abokina ba. Tare muka tashi, shi Bafulatani Musulmi, ni Batangale ɗan coci, ba wanda abin ya taɓa damu. Da sallah a gidansu nake cin nama, da Kirsimeti shi ke fara zuwa cin shinkafar mamarka. Ranar da za a haife ka a motarsa aka kai ta asibiti, yana tuƙi yana yi mata sannu da Fulatanci, don ya rikice ya manta Hausa. Motar kuwa irin wadda ka nuna min ce, tsohuwar 'yar Amurka mai silinda takwas da ya sayo daga Kwatano, ba ta da ta biyu a unguwarsu. Da hannunsa yake wanke ta.

Kana da shekara biyu aka sa bikin ƙanensa. Ka san al'adar samarin garin nan, in an ɗaura aure sai an fita fili da motoci an yi juyi. Akwai wani a Manawashi da motarsa ta fi ta kowa ruri a lokacin, Buba kuma ya ƙudurta sai ya rufe masa baki. Ya kawo min ita ran Talata, biki Asabar. Ya ce so yake in ya taka ta a Herwagana a ji ta a Manawashi. Na bugi ƙirji na ce ya bar min. Ya ce useko, godiyarsu ta Fulani, ya miƙo min makulli, abin da ko ango bai taɓa riƙewa ba.

Washegari na tafi kasuwa wurin Sale mai kayan Beljiyam, mutum mai sanyin magana wanda ba ya ɓoye aibin kayansa. Yana da roka sha shida masu ɗigo bakwai, tsaf a kwalinsu. Da zai miƙo min ya ce wanda ya kawo su ya gaya masa ba a ɗaura su kan tsohon sifirin, suna da nasu mai ƙarfi, kuma in na ba shi kwana huɗu zai sa a aiko daga Kano. Kwana huɗu ya tsallake Asabar. Na ce masa shi sayarwa ya sani, ni ɗaurawa, kowa ya tsaya a nasa. Ya ɗaure min kwalin.

Ran Alhamis na ɗaura. Maigidana ya koya min yadda ake sa laka a kan fistin a auna tazarar da ke tsakaninsa da bawul, amma aikin yana cin yini guda, sai an cire tof-silinda an mayar an sake cirewa, ni kuma a lokacin gani nake wannan aikin tsofaffi ne matsorata. Ban auna tazara ba, ban duba sifirin ba, ban leƙa komai ba. Na tayar da ita. Ta kama silo, tana aiki a tsaye ba a taka totur ba, lafiya lau, har ƙasa na rawa. Na ɗauki dogon sukundireba na kafa bakinsa a kan injin, na sa mariƙin a kunne, na rufe ido. Mutane sun taru a bakin gareji. Na ɗago na ce ba abin da ke taɓa wani a ciki. Wani ya ce kai, kunnen mutumin nan ya fi na'ura. Daga ranar sunan Mai Kunne ya bi ni.

Gaskiya ne ban ji komai ba, don a silo ba abin da za a ji. Bawul yana tafiya a hankali, sifirin yana samun lokacin dawo da shi. Sai injin ya yi sama ne babbar roka take wurga bawul da sauri fiye da yadda ya saba, tsohon sifirin ya kasa kamo shi, fistin kuma ya taso ya same shi a hanya. Kafin kunne ya ji wannan, an riga an gama.

Ran Asabar bayan la'asar aka fita wani fili a hanyar Bauchi. Ina tsaye gaba-gaba da sabuwar riga, ina jiran yabo. Buba ya sa ango a gaba, ya taka totur. Juyin farko mata suka yi guɗa. Ana cikin na biyu sai na ji ƙara kamar an jefa cokali a injin niƙa, sau ɗaya tak, motar ta yi tari ta mutu a tsakiyar fili, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin bonet. Samarin Manawashi ne suka fara dariya. Ango ya fito da farar babbar rigarsa ya hau bayan babur. 'Yan biki da kayan adonsu suka turo motar har garejina, Buba na riƙe da sitiyari ta taga yana tafe a ƙasa, bai dubi kowa ba. Da na buɗe injin washegari bayan coci, bawul uku sun lanƙwashe, na huɗu ya karye ya huda fistin, tof-silinda ta tsage. Ba a samun irin injin a kusa a lokacin. Ta shekara uku a ƙarƙashin dogonyaron gareji, kaji na saka ƙwai a kujerar baya, kafin 'yan gwangwan su yanka ta.

Don haka ka ji ni da kyau, roka ba ta tafiya ita kaɗai. Ka juya injin da hannu har bawul ya buɗe iyakarsa, ka duba tsakanin zobban sifirin. In sun haɗe, ko abin da ya rage bai kai milimita ɗaya da rabi ba, wannan sifirin ba naka ba ne. Ka duba hularsa kada ta sauka ta daki robar bawul. In tsoho ne ka canza, kada ka tsaya lallashi. Babbar roka tana jawo sanda kusa da gindinta, saboda haka ka leƙa ramin da sandar ke bi, in ka ga wuri ya fara sheƙi to guga ce. Ka shafa tawadar maka a kan bawul, ka juya, ka ga inda bakin roka yake takawa. Siririn layi a tsakiya ake so, in ya karkata gefe tsawon sandar ne bai yi ba. In kuma kayan da ya dace sai bayan kwana huɗu zai iso, to aikin na kwana huɗu ne, ko bikin wa za a yi.

Abin da ya biyo baya ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mamarka. Buba ya zo ya tsaya a kan buɗaɗɗen injin, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni me ya faru. Ga gaskiya a bakina, gajeriya ce ma. Amma ga mutane a bakin gareji, ga sunan da aka raɗa min kwana uku da suka wuce, sai na ji kaina ina cewa kayan Sale ne jabu. Buba ya tafi kasuwa ya tsaya a ƙofar shagon ya yi masa tas a gaban kowa. An gaya min Sale bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi ni Istifanus na san abin da ya gaya min. Makanikai suka daina shiga shagonsa, don ai Mai Kunne ne ya faɗa. Shekara ba ta zagayo ba ya rufe ya koma Kumo.

Bayan wasu watanni Buba ya je Jos da roka ɗaya a aljihu, ya nuna wa wani tsohon injiniya. Mutumin ya jujjuya ta ya ce lafiyarta ƙalau, ya tambaya wane sifirin aka sa mata. Buba ya dawo ya same ni ina wanke hannu da fetur, ya ajiye rokar a kan benci. Ya ce, “Isti, da motar ce kaɗai, da tuni na manta.” Ya juya ya tafi. Bai tona ni a gari ba har yau, kuma wannan ya fi min zafi a kan da ya tona. Sale kuwa na yi ta cewa zan je, zan je. Ranar da na je Kumo ɗansa ne ya fito, ya ce min ai Baba ya rasu bara. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce masa ni tsohon abokin cinikinsa ne, na juyo.

Wata rana injin zai mutu a hannunka, Habila, ba makanikin da ya tsira. Ranar da ya faru ka faɗa a ranar, da bakinka, kafin a tambaye ka sau biyu. Za a yi maka faɗa, mai yiwuwa ma a kore ka. Na ga mutane da yawa an kore su sun miƙe. Kada ka waiga neman wanda ya fi ka rauni ka jingina masa.

Yanzu ga amsar tambayarka ta ran Lahadi. Yaushe na taɓa aunawa? Kullum. Tun daga motar Buba ban sake ɗaura roka ko kam ko tof-silinda ban sa laka ba, ko sau ɗaya. Ɗakin bayan garejin nan da nake kullewa in ce yashi ne ba na so ya shiga injin, in hana kowa leƙowa har kai, abin da nake yi a ciki ke nan. Lakar nan mai launi da mamarka take sayo wa 'yan ajinta na nazare su gina tsuntsu da kifi, rabinta tawa ce. Shekara ashirin da ɗoriya tana sayen fakiti biyu maimakon ɗaya, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, sai dai in na ɓata mata rai ta tambaye ni ko lakata ta ƙare. In na gama awo na tabbatar, sai in buɗe ƙofa a fito da injin, a tayar, in kafa sukundireba a kunne, in rufe ido in gyaɗa kai. Ba wai kunne ba ya aiki ba ne, yana kama tafet mai ƙara da boris da ya ci, amma bai san milimita ba. Mutane daga Dukku da Bajoga suna zuwa ganin wannan rufe idon. Sunan ya yi min daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na fi so a ce baiwa ce a kan a ce aiki ne.

Kuskurena mafi girma ke nan, don wannan a kanka na yi shi. Kana da shekara shida na fito na same ka ka kafa sukundireba a jikin janareta, ka rufe ido irin nawa, kana gyaɗa kai. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, har na ɗaga ka sama. Na koya maka komai na aikin nan, hannunka ma ya fi nawa tsabta, amma abu ɗaya da ke riƙe da sauran na kulle maka shi a ɗaki, don kada ka daina kallona yadda kake kallona. Ga shi za ka tafi garin mutane da rufe idon, ka bar awon a gida. Tsoro nake ji, Habila.

Ga yadda ake yi, ka karanta sau biyu. Ka cire tof-silinda, ka goge kan fistin na farko tas. Ka murza laka kaurin ƙaramin yatsanka ka manna a inda bawul biyun za su sauka, ka shafa wa fuskarsu baƙin mai kaɗan don kada lakar ta bi su. Ka mayar da tof-silinda da gaskit mai kaurin wanda za ka yi aiki da shi, ka ɗaura sanda da rokar da kake son gwadawa. In tafet ɗin motar, ɗan ƙarfen da ke tsakanin kam da sanda, irin mai cika da mai ne, yana lotsawa in ana juyi da hannu ya yi maka ƙarya, don haka ka nemi daskararru biyu ka auna da su. Sai ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali. In ka ji ya cije kada ka danna, ka tsaya. Ka sake cirewa, ka yanka lakar da reza a inda bawul ya taka, ka auna kaurin abin da ya rage. Na bawul ɗin shiga kada ya gaza milimita biyu, na fita biyu da rabi, don shi ne fistin ke biyowa a baya, kuma zafi na ƙara masa tsawo. In ɗigo bakwai ta ba ka wannan, sifirin ma ya yarda, ka ɗaura ta da albarkata. In ba ta ba ka ba, ka sauko ɗigo shida, ko ka bar mata ɗaya da rabinta, ka gaya wa maigidanka dalili da lakar a hannunka.

Kuma ka yi shi a fili, a tsakiyar gareji, kowa na gani. Samarin Abuja za su iya yi maka dariya su ce ɗan Gombe ya zo da kayan wasan nazare. Oho, su yi. Maigidan da ya san aiki, in ya ga laka a hannunka ya gama gwada ka tun ba a tayar da motar ba. Wanda kuma zai ce ɓata lokaci ne, gara ka san halinsa tun makon farko. Ba abin da ban yi ba ne nake gaya maka. Jiya da ka tafi karɓo takardunka an kawo wani injin. Na bar ƙofar ɗakin baya a buɗe, na jawo bencin waje, na murza lakata ruwan ɗorawa a gaban kowa. Wani direba da ya daɗe yana kawo min mota ya tsaya yana kallo, ya ce ashe Mai Kunne ma awo yake yi. Na ce masa tun kafin ya sayi motarsa ta farko. Ga ni kuma ban mutu ba. Jibi kuma zan je Kumbiya-Kumbiya, ban san ko Buba zai shimfiɗa min tabarma ba.

A ƙasan akwatin za ka ga ƙunshi a leda. Laka ce shuɗiya da koriya, da sabuwar reza, da tsohon ma'aunina mai baki. Akwai kuma wani ƙarfe da za ka gane da ka gan shi, wanda muke zurawa a sakatar ƙofar gida, wanda tun kana ƙarami kake tambaya me ya sa ba za mu sayi kwaɗo kamar kowa ba. Bawul ne daga motar Buba, ɗaya daga cikin ukun da suka lanƙwashe. Ni na sa shi a wurin, don in taɓa shi da safe in zan fita aiki, in taɓa shi in na dawo. Yau na zare shi na ɗaure ƙofar da waya. Mamarka ta ce awakin maƙwabta za su shigo su cinye mata alayyahu, na ce su ci.

Ka ajiye shi a kan bencinka, inda za ka gan shi lokacin da kake zaɓar rokar nan. In ka gama kada ka turo min bidiyon mota tana ruri, na ga irinsa da idona a hanyar Bauchi. Hoton lakar da ka yanka nake so, da ma'auni a jikinta. In Allah ya kai mu Kirsimeti ka dawo min da bawul ɗina, shi kaɗai. Ƙofar gidanmu sakata ɗaya gare ta, kada ka zo min da wanda kai ka lanƙwasa.

Allah ya kiyaye ka a hanya da masauki, ya tsare yatsunka daga fanka da idonka daga tartsatsi, ya ba ka haƙurin yini guda a kan injin da kowa ke gaggawarsa. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Mahaifinka,
Istifanus